Tagar Inna Tabawa

"Wallahi kai ka shanye ruwan salkar nan, Malam, kada ka tsaya kana zare mini ido!"

"Ni na shanye? Haba Hajjo, ki ji tsoron Allah. Tun safe ina nan ina wasa wa yaran nan takubba, yaushe na ga salka?"

"To tashe su, su goma sha biyun, a tambaye su ɗaya bayan ɗaya!"

"Ki rufa mana asiri. Kin san in aka tashe su da yunwa ba sa tambayar sunan mutum kafin su sare shi."

Sai kare ya yi haushi, jariri ya tsanyara kuka, wani ƙato ya yi gyaran murya. 'Yan fashi uku da suka biyo sawuna tun hantsi a Filin Gishiri suka yi cirko-cirko, suka dubi dutsen da hayaniyar ke fitowa daga bayansa, suka dubi juna, suka juya raƙumansu a guje. Bayan dutsen kuwa ba Malam, ba Hajjo, ba kare, ba ɗa ko ɗaya. Ni kaɗai ce a tsugune, da jakar albasata. Da suka ɓace ban iya yin shiru ba, sai na bar Malam da Hajjo suka ci gaba da faɗansu har la'asar, don in ji motsin mutane kusa da ni.

Ya ku masu sauraro, Allah ya ba ku kunnen ji, ya ba ni harshen gaskiya ko da na yau kaɗai. Sunana Hansai 'yar Korau majemi, daga Tudun Ƙaya, can bayan duwatsu bakwai. An haife ni da baiwar da ta hana ni zaman gida: duk abin da kunnena ya ji sau ɗaya, bakina zai mayar da shi yadda yake. Na yi muryar ladan na tashi unguwa salla tun rana na tsaka. Na yi kukan akuyar maƙwabta, suka kwana biyu suna nemanta alhali tun bara suka cinye ta. Kowa yana dariya, amma ba mai gaya mini sirrinsa, ba mai son zama kusa da ni. Ranar da na bar gari, goggona ce ta kore ni da magana ɗaya. Ta ce, "Hansai, in kika mutu, da muryar wa za ki amsa tambayar kabari?" Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai na ji muryarta ce ta fito.

Fatake sun taɓa ba ni labarin Birnin Zurfi, inda kowane sauti yake da haskensa, har ana ganin kiɗa da ido. Na ce can za ni, in ga launin tawa muryar in akwai ta.

Bayan Filin Gishiri na isa Tafkin Shiru, ruwan da yake haɗiye sauti. Kwana huɗu ana tuƙa ni a kwalekwale, matuƙin yana motsa baki ba na jin komai, filafili yana shiga ruwa ba ƙara. Na kira Malam, na kira Hajjo, na kira karen, duk suka ƙi zuwa. Ban taɓa sanin yawan mutanen da nake ɗauke da su ba sai da suka watse suka bar ni. Na zauna ina gatsar albasa ɗanya, ita ma ba na jin ƙarar haƙorana a kanta, ina hawaye ina ɗora mata laifi.

Birnin Zurfi yana ƙasan wani kwazazzabo ne mai tsananin zurfi, rana ba ta leƙa shi sai daga hantsi zuwa azahar. Dutse ne ko'ina, ko tsinken ciyawa babu, hatsinsu ma da igiya ake sauko musu da shi. A tsakiyar birnin akwai Zauren Arba'in, mai kubba ta farin dutse, ba ƙofar haske sai tagogi arba'in a can ƙoli. Makaɗa arba'in ne ke zama cikin wani rami mai duhu a gaban jama'a: masu goge goma sha biyu, masu garaya da molo da gurmi, masu algaita, masu kalangu da kotso da tambari, mai kuge, mata masu shantu, da mai sarewa guda ɗaya. Bisa kan kowane makaɗi akwai bututun tagulla da ya miƙe har saman kwazazzabon. A ƙarshen kowane bututu akwai ɗan ɗaki, a cikinsa mutum ɗaya da madubansa da gilasansa masu launi. Ba ya jin sauran kiɗan, ba ya ganin zauren. Makaɗinsa kaɗai yake ji, in ya ji shi sai ya buɗe taga ya taro rana da madubi ya watso ta kan kubbar, ya yi rawa da ita yadda sautin ya ce.

Dokarsu ɗaya ce, yara ma sun haddace ta: sauti ya hau, haske ya sauko, ba abin da zai bi ta tsakani. Makaɗi da mai haskensa ba sa ganin juna har abada, don kada haske ya bi fuska ya bar sauti. Mutum ɗaya ne ke hawa yana sauka, Nomau magini, aikinsa kuwa shi ne liƙe taga da laka. Duk tagar da ba ta buɗe ba a Babban Wasan shekara, washegari za a toshe ta, a fitar da mai ita daga ɗakin, ya je duk inda Allah ya kai shi.

Ni dai ban fara da kyau ba. Kwana biyu da zuwana na laɓe a ƙofar zauren ina sauraren gwaji, na ji yadda Sarkin Makaɗa Mantau yake musu tsawa, wani gajere mai murya kamar ana jan turmi a kan dutse. Da ya fita kama ruwa, shaiɗan ya tsikare ni. Na leƙa cikin duhun na daka tsawa da muryarsa, "Kun ishe ni! Kowa ya tafi gidansu!" Mutum talatin da tara suka kwashi kayansu suka watse. Mantau ya dawo ya tarar da kujeru, da wani tsoho guda da bai gama miƙewa ba saboda gwiwa, yana dariya har yana tari, da ni a hannun mai gadi.

"Bulala ashirin," in ji Mantau.

Tsohon ya ce, "Sarki, jikata ce, daga ƙauye aka aiko mini ita. Ka bar ni da ita, ni zan hora ta."

"Kai da ba ka taɓa aure ba, Jatau, ina ka samo jika?"

"Ai shi ya sa ta fito a haka."

Haka na zama jikar Baba Jatau mai sarewa. Ɗakinsa guda ne, tabarma biyu, tukunya ɗaya. Ba shi da kowa. Kullum kafin ya sa hannu a abinci sai ya ɗaga kai ya dubi saman kwazazzabon, inda ɗakunan masu haske suka jeru kamar sheƙar tsuntsaye. Na tambaye shi wa yake gaisarwa.

Ya ce, "Tabawa. Mai kore."

"Kyakkyawa ce?"

"Ja'ira, ina na sani? Sunan ma sai da na ba Nomau goro shekara uku ya faɗa mini. Shekara arba'in da ɗaya ke nan ina busa tana buɗewa. In ina cikin fushi, koren ya zo da duhu kamar ganyen kuka. In na ji daɗi, ya zo kamar sabon tsiron gero. Ban taɓa gaya mata ba, ita ke ji."

Wata biyu ina ɗaukar masa sarewa zuwa gwaji, ina zama a ƙafarsa. Babban kiɗansu sunansa Saukar Damina. Tambari ya fara, shuɗi mai duhu ya haɗo a kubbar kamar hadari. Algaita ta keta shi da rawaya. Kuge ya watsa farin tartsatsi, gogen nan goma sha biyu su zubo ruwan toka da ruwan azurfa layi-layi har mutum ya kai hannu ya taɓa kansa ko ya jiƙe. Can sai komai ya lafa, sarewa ta shigo ita kaɗai, kore ya tsiro daga gindin kubbar ya yi ta hawa. Sau uku sarewar ke shiga a cikin kiɗan. Mutanen da ba su taɓa ganin gona ba, wannan ce ciyawarsu, ita suke jira shekara guda.

Sai dai Baba Jatau yana da aibi guda. Duk sanda zai shiga, sai ya yi wani ɗan huci sau biyu a bakin sarewar, fuf, fuf, kafin sautin ya fito. Mantau ya jefar da sandarsa ya ce, "Jatau! Shekara nawa zan yi ina fama da wannan tarin naka?" Baba ya ce, "Tsufa ne, Sarki." Mantau ya ce, "Tun kana da baƙin gashi kake yinsa!" Ni kuwa na samu abin wasa. A hanya in yi masa sarewar da bakina, da hucin, da tsawar Mantau, yana kai mini duka da hula yana dariya.

Saura kwana biyu Babban Wasa, aka toshe bututun duka da auduga kamar yadda aka saba, don masu haske su samu shirun goge madubansu. A wannan rana da safe na dama kunu na kai wa Baba, na tarar ya riga ya tafi, sarewarsa a ƙirjinsa. Mu shida muka raka shi makwancinsa. Da muka dawo na zauna a ɗakin, ban kira Malam ba, ban kira Hajjo ba.

Mantau ya shigo ba sallama. Ya ce, "Ba wani mai sarewa a garin nan, shekara goma ake koyonta. In kore bai fito jibi ba, Nomau zai liƙe tagar, a fitar da tsohuwar. Ta kusa shekara saba'in, ba ta san kowa ba sai bututu. Ni kuma a ce a zamanina damina ta sauka ba tsiro." Ya dube ni sama da ƙasa. "Ramin duhu ne, ba mai ganin ko wane ne a kujerar. Yi mini Jatau in ji."

Na yi masa. Ya zauna daɓas a tabarma. Sannan ya share ido ya ce, "Shi ne, wallahi shi ne. Amma ki cire tarin."

"Sarki, haka yake yi."

"Na san haka yake yi! Shekara arba'in da ɗaya ina roƙon Allah ya ji da ni in ji Saukar Damina sau ɗaya ba tari. Ki cire."

Na cire. Ni ma a raina gani nake gyara muka yi wa mamaci.

Ranar wasa, rana ta tsaya daidai bisa kwazazzabon, zauren ya cika har bakin ƙofa, aka zare audugar, aka rufe ƙofofi. Na zauna a kujerar Baba, bakin bututun yana daidai goshina, sanyi na fitowa daga cikinsa. Mantau ya ƙwanƙwasa sanda. Hadari ya haɗo, walƙiya ta keta, ruwa ya zubo, na ji jama'a suna sauke numfashi. Komai ya lafa. Na haɗa leɓɓana na saki sarewar Baba Jatau, tsaf, sumul, ba ƙura ba tari.

Gindin kubbar ya tsaya baƙi ƙirin.

Na ƙara ƙarfi. Na bi kowane lanƙwasa yadda yake bi, har inda numfashinsa kan gaza na gaza. Ba komai. Wata mata a cikin jama'a ta ce, "Ina ciyawar?" Wani ya ce mata ta yi shiru. Goge suka karɓa, kiɗa ya wuce. A nan ne, a cikin duhun, abin ya faɗo mini. Ba tari ba ne. Sallama ce. Mutumin da doka ta hana shi cewa ko "ina kwana", ya samo huci biyu ya ɓoye a gaban kiɗa, shekara arba'in da ɗaya yana shan zagi a kansa. Mu kuma mun shiga ɗakin tsohuwa ba sallama.

Da shiga ta biyu ta zo, na yi shi: fuf, fuf. Na ji Mantau ya yi ƙwafa. Can ƙoli wani siririn zaren kore ya ɓullo, bai fi kaurin tsinken tsintsiya ba, ya yi rawa a jikin farin dutsen. Ya tsaya kamar mai leƙe ta ƙofa yana duban baƙo. Sai ya koma, tagar ta rufe.

Tun da aka haife ni ban taɓa yin muryar wani aka gane ba. Na ruɗi ladan da muryarsa, na ruɗi uwa da kukan ɗanta. Yau ga wata tsohuwa da ba ta taɓa ganina ba, a ƙarshen bututu mai tsawon gaba ɗari, ta saurara ta ce ba shi ba ne. Na rasa abin da ya sa, amma tare da tsoron sai na ji wani irin daɗi, kamar an kira sunana a kasuwar da ban san kowa ba.

Saura shiga ɗaya, kuma dabarata ta ƙare. Kiɗa ya zagayo, ruwa ya tsagaita, zauren ya yi tsit ana jiran sarewa. Na miƙe na kama bakin bututun da hannu biyu. Na nemi muryar da zan yi magana da ita. Ta goggona ta zo na kore ta, ta Hajjo ta zo na kore ta, ta Mantau, ta ladan, ta matuƙin da ban ma taɓa ji ba. Abin da ya rage a ƙasa wata 'yar murya ce mai kaushi, tana rawa, ba daɗin ji.

Na ce, "Salamu alaikum, Inna. Baba Jatau ya rasu shekaranjiya da safe. Bai sha wahala ba. Ni Hansai ce, baƙuwa, ni na yi miki ƙarya sau biyu. Kullum kafin ya ci abinci sai ya ɗaga kai ya dubi ɗakinki."

Duk zauren sun ji. Mantau ya ce da ƙaramar murya, "Kin kashe mu." Ban saki bututun ba. Tunda ba abin da ya rage, sai na rera mata rabon sarewar da wannan muryar tawa, ina kuskure, ina shaƙewa.

Na kai rabi ke nan tagar ta buɗe, ba kaɗan ba, gaba ɗayanta. Ba kore. Tsohuwar ba ta sa gilashi ko ɗaya ba, rana ta sako tsirara, fara fat, ta faɗo cikin ramin a kaina. Karon farko a tarihin zauren jama'a suka ga makaɗansu: masu furfura, masu giɓi, wata mai shantu da goyo a bayanta, Mantau da baki buɗe, da ni, 'yar ƙauye mai warin albasa, ina kuka a kujerar mamaci. Hasken yana rawa, don hannun da ke riƙe da madubin rawa yake. Sai a hankali, daga gefe, ta zuro koren gilashin, ya bi ta kaina ya hau kubbar, mai duhu kamar ganyen kuka. Masu goge suka ɗaga gogensu ba wanda ya umarce su, suka raka ni har ƙarshe.

Washegari dattawa suka yi ta gardama daga hantsi har rana ta fice. Mantau ya ce na karya doka, magana ta bi bututu. Nomau magini, wanda tuni ya kwaɓa lakarsa, ya ce, "Sauti ya hau?" Aka ce ya hau. "Haske ya sauko?" Aka ce ya sauko. Ya ce, "To ni ba na liƙe tagar da ta buɗe." Aka yanke cewa tagar tana nan muddin sautin da ta amsa yana nan. Wato muddin ina zaune a kujerar, Inna Tabawa tana ɗakinta. In na sa ƙafa na bar garin, laka.

Ni da tun barina gida ban taɓa wata uku a gari ɗaya ba, na yi shekara biyu da wata bakwai a ɗakin Baba Jatau. Mutanen gari suna gaishe ni daga nesa, har yanzu ba mai gaya mini sirrinsa. Mantau bai daina cewa muryata kamar ta ɗan akuya mai mura ba ce. Amma kullum da hantsi in zauna ƙarƙashin bututun, in karya da albasata, in yi huci biyu, in rera da muryata, kore ya sauko. Ranar da nake kewar gida ya zo da duhu. Ranar da na saka wa Mantau ƙadangare a hula ya zo yana tsalle. Ban taɓa ganin fuskarta ba, ban taɓa jin muryarta ba, ita kaɗai ce a duniya ba zan iya kwaikwaya ba.

Wata Laraba na yi hucin, na rera, kubbar ta tsaya baƙa. Na sake. Na sake har sau bakwai, makaɗa suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka bar ni. Da azahar na ga Nomau yana saukowa ta matakalar dutse, laka ta bushe masa har gwiwar hannu, alamar ya liƙe tagar. Na riga na ɗaure kayana, na tsaya a gindin matakalar, Mantau da wasu makaɗa suna bayana.

Na ce, "Baba Nomau, ka same ta da rai?"

"Da sauran numfashi."

"Ta san ni? Ta bar mini wata magana?"

Ya dubi Mantau, don doka ta hana. Mantau ya kau da kai ya shiga gyaran hularsa. Nomau ya goge hannu a rigarsa, ya yi gyaran murya, kamar mai isar da wasiyyar sarki.

Ya ce, "Ta ce a gaya wa yarinyar nan ta rage cin albasa."